Furen damina da farashin kasuwa: Asarar da ke tunkarar Rano da Kibiya

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa farkon Oktoba, ƙasar Rano da Kibiya kan sanya wata riga da ba ta daɗewa a jikinta. Tafasa da rai-ɗore su kan rufe gefen hanya da fure ruwan ɗorawa, karkashi ya fito da nasa mai launin shunayya a iyakokin gonaki, duman rafi ya shimfiɗu a bakin kududdufai, bado kuma ya buɗe fari tas a kan ruwa. A gindin duwatsun Rurum da sauran tsaunukan yankin, inda garma ba ta iya shiga, ƙananan tsirrai kan yi rige-rigen fure kafin ƙasa ta bushe. Cikin mako shida zuwa takwas an gama. Da zarar iskar kaka ta fara kaɗawa, sai a nemi furen a rasa, sai kuma wata shekarar.

Yawancin mutanen birni ba su ɗauki wannan a bakin komai ba. A wurin ɗan kasuwar Dawanau ko ma'aikacin da ke sakatariyar Audu Bako, duk abin da ya tsiro ba shuka shi aka yi ba sunansa ciyawa. Amma waɗannan 'yan makonni suna da hannu a farashin riɗi da kankana da daddawa da man kaɗe, domin a cikinsu ne ƙwarin da ke yi wa amfanin gona barbara suke samun abincin da zai riƙe su. Yanzu kuma abubuwa da dama sun taru suna taƙaita wannan lokaci, babba a cikinsu shi ne feshin maganin kashe ciyawa da ya zama ruwan dare a karkara, ba tare da wata hukuma tana lissafin abin da ake rasawa ba.

Darasi daga ƙasar ƙanƙara

Domin a gane girman lamarin, yana da kyau a leƙa inda gajeren lokacin fure ya fi tsanani a duniya, wato can ƙuryar arewa, a yankunan Alaska da Saberiya da arewacin Kanada da tsibirin Girinland. A waɗannan wurare akwai shimfiɗaɗɗun filaye marasa bishiya da ake kira tundura, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara. Lokacin tsiro a can bai cika wuce kwana 50 zuwa 60 ba. Idan ƙanƙara ta narke a watan Yuni, rana takan yini ta kwana ba ta faɗi ba, tsirrai su fito gaba ɗaya, su yi fure, su zuba iri, duk a guje. Daga cikin fitattun furannin arewacin akwai ayiris na daji, mai launin shuɗi da shunayya, wanda ke cika dausayoyin Alaska a watannin Yuni da Yuli. Dabararsa ita ce ya ɓoye abinci a saiwarsa a ƙarƙashin ƙasa, ya jira sanyi ya wuce.

Wannan fure yana da ɗan'uwa a ƙasar Hausa. Rumana, wadda kan fito da dogon kara da furanni a jere idan damina ta kankama, danginsu ɗaya da ayiris a lissafin masana tsirrai. Dabararsu ma ɗaya ce: rumana tana tara abinci a wani ɗan curi mai kama da albasa a cikin ƙasa, ta kwanta tsawon rani, ta farka da ruwan sama. Shi yana gudun sanyi, ita tana gudun fari. Haka gadali da albasar kwaɗi da gatarin kurege suke yi. Jinsin rumana na cikin kakannin furannin da masu lambu a Turai suka yi ta haɗa aure tsakaninsu har suka samar da waɗanda ake sayarwa da tsada a shagunan fure a yau.

Abin da ya sa labarin tundura ya shafi Rano shi ne abin da masu bincike suka gani a can. Yankin ƙuryar arewa yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya tun daga 1979, kamar yadda wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna. A tashar bincike ta Zakenbag da ke arewa maso gabashin Girinland, masana sun bi diddigin furanni da ƙwari daga 1996 zuwa 2009, suka tarar cewa yayin da zafi ke ƙaruwa, lokacin fure yana ƙara gajarta, kuma ƙudajen da ke ziyartar furannin suna raguwa. Wato idan taga ta ƙuntata, mai cin abinci ta cikinta ne ke fara jin jiki. Duk inda rayuwa ta dogara ga 'yan makonni, rasa mako ɗaya babban gibi ne. Damina a kudancin Kano ta fi lokacin tsiron tundura tsawo, tana kaiwa wata huɗu zuwa biyar, amma ƙa'idar ba ta canza ba.

Sarƙar fure daga wata zuwa wata

Ƙudan zuma ba ya hutun rani. Dole ya sami abin ci kowane wata, kuma tsarin gonakin ƙasar Hausa na gargajiya ya tanadar masa da hakan ba tare da an zauna an tsara ba. Manomin da ya bar gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a tsakiyar gonarsa don inuwa da abinci da taki ya yi, amma ya ƙulla wata sarƙa da ke zagaye shekara.

Idan damina ta ɗauke, gawo ne ke karɓa, domin shi al'adarsa a juye take: yana zubar da ganye da damina, ya yi ganye da fure a farkon rani. Da hunturu mangwaro ya yi fure. Daga nan kaɗanya ta biyo baya, sai ɗorawa ta rataye jajayen furanninta masu kama da tuntu, waɗanda jemagu ke ziyarta da dare, ƙudan zuma kuma da asuba. A daji, bayan wuta ta ci ciyawa, rawaya kan ɓullo da furenta a ƙasa ƙasa, babu ko ganye. Da ruwan farko masu curi irin su gadali su fito. Sai kuma babbar liyafa ta marka da ƙarshen damina, lokacin da ƙananan tsirran iyakar gona da burtali da saura suke fure gaba ɗaya.

Wannan liyafa ta ƙarshe ita ce rumbun ƙwari. A lokacinta ne amya ke cika, ƙudan zuma su hayayyafa, ƙananan ƙwarin daji da ke sheƙa a ƙasa ko a kogon itace su ajiye wa 'ya'yansu guzuri. Yawan ƙwarin da za su ziyarci kankanar noman rani a Janairu, ko furen kaɗanya a Fabrairu, yana da alaƙa da abin da suka samu a Satumba. Sarƙa kuwa in ta tsinke a wuri guda, ta tsinke ke nan.

Me ya haɗa fure da buhu?

Ba kowane amfanin gona ne ke buƙatar ƙwaro ba. Gero da dawa da masara da shinkafa iska ce ke ɗaukar musu garin fure, ko su wadatar da kansu. Gyaɗa da wake da waken suya ma galibi suna yi wa kansu barbara. Saboda haka babu mai cewa tuwo zai gagara gobe don furen tafasa ya ragu.

Matsalar tana wajen miya da kuma kayan kuɗi. Kabewa da kankana da kokwamba da agushi da duma suna da furen namiji daban, na mace daban. Idan ƙwaro bai ɗauki gari daga wannan ya kai wa wancan ba, babu ɗa. Mai noman irin albasa ya dogara ga ƙwari. Riɗi da auduga da kuɓewa suna iya yin 'ya'ya su kaɗai, amma yabanyarsu ta fi auki idan ƙudan zuma ya ziyarce su. Wani bincike da aka gudanar a Burkina Faso, ƙasar da yanayinta ya yi kama da na arewacin Najeriya, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa idan aka hana ƙwari isa ga fure, amfanin auduga yana raguwa da kusan kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kusan kashi 59. A ƙasar dai, masu binciken kaɗanya sun gano cewa bishiyar ta fi ɗaukar 'ya'ya a gonakin da ke da itatuwa da tsirrai iri-iri a kewaye.

A matakin duniya, rahoton da kwamitin masana na ƙasa da ƙasa kan halittu ya fitar a 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu, kuma ya kimanta darajar wannan aiki tsakanin dala biliyan 235 zuwa 577 a shekara. Aiki ne da babu wanda ke biyan ladansa, shi ya sa ba ya shiga littafin kowa.

Yanzu a dubi taswirar yankin. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, yana maƙwabtaka da Rano, kuma ruwansa ne ke shayar da dubban kadada na noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ban da shinkafa da alkama da tumatir, waɗannan filaye suna fitar da kankana da kokwamba da albasa zuwa kasuwannin Kano da kudancin ƙasar nan. A gonakin tudu kuwa akwai ɗorawa da kaɗanya, waɗanda kalwarsu da ƙwararsu ke riƙe da sana'ar mata masu daddawa da man kaɗe. Riɗin da ake tarawa a Dawanau yana cikin manyan kayan gona da Najeriya ke fitarwa waje. Duk waɗannan suna da kaso a aikin ƙudan zuma.

Ko a watan Agustan 2025, Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya waje na tsawon wata shida, da nufin a riƙa sarrafa ta a gida. Hujjarta ita ce Najeriya na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya amma rabonta a kasuwar bai wuce kashi 1 ba. An yi ta muhawara kan farashi da masana'antu, amma bishiyar kanta, da ƙwaron da ke sa ta haihuwa, ba su sami mai magana da yawunsu ba.

Injin feshi ya maye gurbin fartanya

Duk wanda ya bi hanyoyin karkarar Kano da damina a 'yan shekarun nan ya san sabon launin da ya shigo: gefen gona ya yi ja ya ƙone a tsakiyar Agusta, alhali ruwa na zuba. Wannan aikin maganin kashe ciyawa ne. Irin su gilaifoset da farakwat ba sa zaɓe. Duk koren ganyen da suka taɓa sun kashe shi, ko ƙarangiya ce ko karkashi. Kuma mai feshi ba ya tsayawa a kunyar ƙarshe. Yakan bi iyakar gona da gefen hanya da bakin magudanar ruwa, don kada iri ya dawo masa.

Ba adalci ba ne a ɗora wa manomi laifi. Gayya ta ja baya, matasa sun tafi birni neman na kansu, kuɗin ƙwadago ya hau. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya ƙara tsada, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Noman farko da maimai suna da ƙayyadadden lokaci, wanda ya makara ciyawa ta cinye masa shuka. Mutum ɗaya da injin feshi na goyo yana gama abin da zai ɗauki mutum da yawa kwanaki da fartanya. Manomin da ya zaɓi feshi lissafinsa daidai ne a kan gonarsa da kuma shekararsa. Inda lissafin ya karkace shi ne idan kowa ya yi hakan a lokaci guda, daga wannan ƙauye zuwa wancan, har ya zama babu wani zirin ƙasa da ya tsira.

Haka kuma ba kowane fure ne aboki ba. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tana da fure mai kyan gani, amma saiwarta tana maƙale wa ta dawa da gero da masara ta tsotse su. Tsiro guda yana zubar da dubban ƙwayoyin iri da kan yi shekaru a ƙasa suna jira. Wanda ya tuge ta kafin ta zuba iri ya kyauta wa kansa da maƙwabtansa. Saboda haka maganar ba ta hana kashe ciyawa ba ce. Magana ce ta sanin inda za a tsaya.

Bayan maganin ciyawa akwai na ƙwari. Shekarar 2016 ta zo wa manoman arewa da annoba biyu: tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, da kuma tsutsar masara da aka fara gani a nahiyar Afirka a farkon shekarar. Tun daga nan feshi ya ƙaru, sau da yawa da tsakar rana, lokacin da ƙudan zuma ke kan fure. Ƙwaron da ya tsira daga yunwa sai ya faɗa wa guba.

Hukumar NAFDAC ta sanar a 2023 cewa haramcin farakwat zai fara aiki daga 1 ga Janairun 2024, na kulofirifos daga 1 ga Nuwamban 2024, na atirazin kuma daga 1 ga Janairun 2025. Mataki ne mai kyau, amma doka a takarda daban take da abin da ke kan teburin mai shago a kasuwar ƙauye, inda ake tsiyaya magani a robar ruwa babu suna babu umarni. 'Yan kasuwa sun riga sun ɗanɗani kuɗar sakaci irin wannan: tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin da aka fi sani da fiya-fiya, kuma ta yi ta sabunta haramcin. Abin da aka zuba a gona ko a rumbu ba ya tsayawa a can, yana bin buhu har tashar jirgin ruwa.

Gatari, gini da ruwan da ba shi da tabbas

Feshi ba shi kaɗai ne ke cin wannan taga ba. Saura, wato gonar da ake bari ta huta, ta kusa zama tarihi a ƙasar Kano saboda yawan jama'a da rabon gado. Burtalai sun matse, wasu an cinye su gaba ɗaya, abin da ke haddasa rikici tsakanin manoma da makiyaya, kuma yake shafe zirin dajin da tsirrai ke fakewa a ciki. Tsadar iskar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa a birni kan gawayi da itace, kuma kowace motar itace da ta shigo Kano daga kudu ta bar kututture a wani wuri. Ɗorawa da kaɗanya ba sa saurin girma. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Bishiyar da aka sare cikin sa'a guda, jikan mai gonar ne zai ga madadinta, in har an bar wani tsiro ya tashi.

Sai kuma yanayi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma gargaɗin tsaikon ruwa a tsakiyar damina ya zama abin da manoman arewa suka saba ji. Ruwan da ya sauka da wuri ya tayar da tsirrai sannan ya ɗauke na mako biyu ko uku yana kashe su kafin su yi fure. Wanda ya yanke da wuri a Satumba yana datse liyafar ƙarshe. Tsiron da bai zuba iri bana ba, baɗi ba za a gan shi da yawa ba. A nan ne labarin Girinland da na Rano suke haɗuwa.

Ƙasashen da suka riga Najeriya shiga noman sinadari sun ga ƙarshen hanyar. A Jamus, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa yawan ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a cikin shekara 27, kuma a wurare 63 da aka keɓe don kare halittu aka yi awon. A Amurka, masu gonakin almon na jihar Kalifoniya hayar amya suke yi duk shekara, ana jigilar su a manyan motoci daga jihohi masu nisa. Manomin Kibiya ba shi da kuɗin hayar ƙudan zuma. Wanda Allah ya ba shi kyauta shi ne jarinsa.

Tukunyar talaka

Akwai wata asarar da ta fi kusa da baki. Tsirran da ake kira ciyawa su ne cefanen gidaje da yawa a watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. Tafasa da rama da yaɗiya da gasaya ana kwaɗa su da ƙuli-ƙuli. Lalo da karkashi suna shiga miya, ɗanye ko busasshe. Mata da yara ne ke tsinko su a iyakar gona da gefen hanya, su ci wani, su shanya wani, su kai wani kasuwa. Wannan ɗan ciniki ne ke sayen gishiri da sabulu da littafin makaranta, kuma shi ke kawo busasshen karkashi da lalo kasuwannin birni.

Inda aka yi feshi, ko dai ganyen ya mutu, ko kuma ya tsaya da guba a jikinsa na wasu kwanaki, mai tsinka ba ta sani ba. Haka dabbar da ta yi kiwo a wurin. Masu maganin gargajiya da ke kawo saiwoyi kasuwar Kurmi su ma daga wannan daji suke ɗiba. Saiwar rawaya, alal misali, sananniya ce a rini da kuma maganin shawara na gargajiya. Tarihin yankin ma da tsiro aka san shi. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano ne ake kira Sarakunan Baba, saboda shukar baba da marinar da ta yi wa ƙasar suna har hamada. Ƙasar da ta sami sarauta ta dalilin ganye bai kamata ta raina abin da ke tsirowa a gefen gona ba.

Gyaran da ba ya cin kuɗi mai yawa

Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa shi ne maganin wannan matsala ba ya buƙatar sabuwar ma'aikata ko kwangilar biliyoyi. Yana buƙatar 'yan ƙa'idoji da mutanen da za a ji maganarsu.

Na farko, a bar iyaka. Taku biyu ko uku a gefen kowace gona, da bakin rafi, da gefen burtali, a daina fesa musu magani. In ciyawa ta yi yawa a yanke ta da lauje bayan ta zuba iri, a ba dabbobi. Wannan tsohuwar al'ada ce, domin gamba da ake bari a iyaka ita ce ke ba da zana da jinka, tana kuma tare zaizayar ƙasa. Tarayyar Turai biyan manomanta take yi don su bar irin wannan ziri.

Na biyu, a gyara lokacin feshin ƙwari. Yin sa da yamma liƙis, bayan ƙudan zuma ya koma gida, da kauce wa kwanakin da shuka ke tsakiyar fure, ba ya ƙara wa manomi ko kwabo. Saƙo ne da malaman gona na KNARDA da gidajen rediyon Kano za su iya isarwa a damina guda. Dillalan magani su ma suna da rawar takawa, domin a yau mai shago ne malamin gonar da manomi ya fi gani.

Na uku, a kare bishiyar gona. Maƙwabta sun nuna hanya. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi dabarar da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke tsiron da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a gyara shi ya zama bishiya. An kiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, ba tare da gandun renon tsirrai ba. Ƙasar Rano ta fi ta Maraɗi samun ruwa. Abin da ya yiwu a can zai fi sauƙi a nan.

Na huɗu, a mayar da fure kuɗi. Manomin da ya rataye amya a ɗorawarsa, ko ya ajiye akwatin zuma na zamani a gefen gonar riɗi, ba sai an roƙe shi ya kiyaye feshi ba. Kasuwar zuma a Kano a buɗe take, kuma kowa ya san yadda masu saye ke kokawa da gauraye. Ɗan kasuwar da ya ƙulla ciniki da ƙungiyar masu zuma a Rurum ko Tarai, ya tace ya zuba a kwalba da suna, ya sami haja kuma ya taimaki mai kankana da ke kusa.

Kuɗin somawa ma akwai inda za a nema. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021, ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da kadada miliyan 1 na ƙasar da ta lalace. Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa. Sai dai an saba auna nasarar irin waɗannan shirye-shirye da yawan tsirran da aka dasa a ranar biki, galibi baƙin itatuwa masu saurin girma. Da za a ƙara da ƙidayar ɗorawa da kaɗanya da gawon da suka rayu bayan shekara uku, da tsawon iyakokin gona da aka bari, da sakamakon ya fi amfanar manomi. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da reshen cibiyar IITA da ke Kano, suna da masana da ɗaliban da za su iya bin wasu zaɓaɓɓun gonaki duk Satumba suna rubuta abin da ya yi fure da abin da ya ziyarce shi, kamar yadda aka yi a Zakenbag.

Wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa?

Dokar da Majalisar Dokokin Kano ta zartar a Yulin 2024 ta kafa masarautar Rano mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Iyakar masarautar ta haɗa gonakin tudu da filayen noman rani, wato masu furen da masu cin moriyarsa, a ƙarƙashin inuwa guda. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san iyakar kowace gona da kowane burtali, kuma tun da can izininsu ake nema kafin a sare bishiya mai 'ya'ya. Umarni daga fada cewa kada a fesa wa burtali da bakin rafi magani, kuma kada a sare ɗorawa ko kaɗanya mai rai, zai fi isa kunnen manomi fiye da takardar da aka liƙa a sakatariya. Ƙananan hukumomin kuma, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, suna da sashen gona da ikon kafa dokokin cikin gida da za su mara wa umarnin baya.

Mutanen birni su ma ba 'yan kallo ba ne. Da yawa daga manyan gonakin da ke kudancin Kano mallakar 'yan kasuwa ne da ma'aikata da masu ritaya, waɗanda ke aika kuɗin magani ta waya ba tare da sun taka gonar ba. Su ne suka fi kowa ikon cewa a bar taku uku a gefe, domin ba da wannan zirin suke ciyar da iyali ba. Kuma su ne za su fara ganin sakamakon a farashin kankana da daddawa da zuma idan aka ci gaba da tafiya a haka.

Irin tafasa da karkashi yana iya jira a ƙasa na wasu shekaru, curin rumana ma yana da haƙuri. Wannan ne ya sa har yanzu gyara yana da sauƙi: gefen gonar da aka ɗaga wa ƙafa damina biyu zai sake yin fure da kansa, ba a sayi iri ba, ba a ɗauki ma'aikaci ba. Amma kowace shekarar da aka fesa kafin iri ya zuba tana rage abin da ke cikin wannan ajiya, kuma ranar da ta ƙare, sai an sayo da kuɗi abin da a yau yake fitowa kyauta.